Makarantar Kyaftin Lisiate ta Kan Tudu

Duk wanda ya zauna a garinmu Neiafu da ke bakin teku ya san Lisiate, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, shinge ɗaya ya raba gidanmu da nasu a saman tudu. Motar haya yake ja. Shi ke ɗauko baƙi daga filin jirgin sama ya kawo su makarantar da nake koyarwa, inda muke koya wa mutane tuƙa jirgin ruwa mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Tafiyar ba ta da tsawo, amma kafin ya sauke baƙo ya riga ya kai shi Fiji ya dawo da shi da baki.

"Kakana da babban yatsan ƙafa yake gane hanya," haka yake ce musu. "Ya tsoma shi a teku ya ce, ku karya dama, Samoa na can. Ni ma na gada. Takalmi ne dai ya ɗan dakushe nawa."

Kakan nan namu ɗaya ne. Tela ne, kuma har ya koma ga Allah ko kwalekwale bai yarda ya taka ba.

Wata rana mai makarantarmu, Madam Rosalin, ta gaji da jin baƙi suna tambayarta ko Kyaftin ɗin da ya kawo su ne zai koyar da su. Ta ce mini, "Heneli, gobe ka fita da shi. Kyauta. Ina so in ga yatsan nan."

Washegari sai ga Lisiate da farar hula mai zanen zinariya, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, yana taku ɗai-ɗai. Ya hau jirgi, ya tsaya, ya riƙe ƙugu. Can sai na ga leɓɓansa sun bushe.

"Heneli," ya ce a hankali, "mun yi nisa?"

"Igiya ma ban kwance ba, Kyaftin."

Ya leƙa gefe, ya mayar wa teku duk rogon da ya karya kumallo da shi. Yana ɗagowa iska ta kaɗa sandar kwance ta ƙyallen, ta ɗauke hular daga kansa ta jefa ruwa. Da rarrafe ya sauka.

Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ashe tashi ta yi. Da la'asar na same shi gindin mangwaron kasuwa, inda maza ke zaman shan kava, wato jiƙon saiwa da ake sha a ƙoƙo, ya tsamo hularsa ya shanya ta a gwiwa, yana bayani.

"Na gano matsalar makarantar nan tasu. Ruwa ne."

Tsoho Taniela, wanda ya shekara arba'in yana kamun kifi, ya ajiye ƙoƙonsa. "Ruwa kuma?"

"Ruwa mana, Baba. Mutum bai san komai ba ka ɗora shi kan abin da ke motsi? Teku ai jarrabawa ce. Ka taɓa ganin an fara karatu daga jarrabawa? Ni zan buɗe tawa makarantar a tudu. Ɗalibi ya ƙware tsaf a ƙasa, ranar da ya ga teku sai dai ya gaishe ta."

"To kai wa ya koya maka?" na tambaye shi.

"Kai dai taubashi hassada ce za ta kashe ka."

A bayan gidansa akwai wani tsohon jirgi da surukinsa ya bari, yana zaune kan amalanken ƙarfe mai taya huɗu, shekara goma sha ɗaya kaji na ƙwai a cikinsa. Lisiate ya kori kajin, ya busa tayoyi, ya turo amalanken ƙofar gida inda kowa zai gani. Da yake wurin gangare ne, sai ya naɗe sarƙar anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, a jikin itacen mangwaro don kada ya zame. Ya kafa allo ya rubuta: MAKARANTAR TUƘIN JIRGI TA KAKANNI. BA AMAI, BA NUTSEWA.

Matarsa Siulolo ta fito ta karanta, ta dube shi. "Maigida, motar fa?"

"Motar ce za ta kawo ɗalibai."

Ta kuwa kawo. Ran Laraba muna jiran wasu mata da miji daga Ostareliya waɗanda suka kama gurbin mako guda a wurinmu, shiru ba su iso ba. Da na koma gida da hantsi na leƙa ta shinge, sai ga su zaune cikin jirgin Lisiate, sun sha rigunan ceto. Mijin, Graeme, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, dogo, irin mutumin da in ka ce masa zauna sai ya tambaye ka a wace kujera. Matar, Noeleen, gajera ce mai tabarau, da littafi a hannu, ba abin da ke wuce ta bai shiga littafin ba.

Na ce, "Madam, ba ku ne ake jira a bakin ruwa ba?"

Ta buɗe littafinta ta karanta mini. "Kyaftin ya ce an rufe teku kwana uku, ana gyara."

Na dubi Lisiate. Ya ɗaga madubin hangen nesansa yana duba bishiyar gwanda.

Na yi musu bayanin gaskiya, amma Graeme ya riƙe hannuna ya ce shi a rayuwarsa wannan ne jirgi na farko da cikinsa bai juya ba, don Allah in bar shi ya ɗan more. Na kira Madam Rosalin a waya na faɗa mata. Sai da ta yi dariya har ta shaƙe, sannan ta ce in ƙyale su, za su gangaro da kansu.

Darasin ranar farko shi ne igiyar ruwa. Lisiate ya sa Siulolo ta kama gindin jirgi tana girgizawa, shi kuma ya tsaya kan turmi da bokiti yana watsa wa ɗalibai ruwan wanke-wanke.

"Wannan ƙaramar igiya ce! Ga babba nan tafe!"

Kafin azahar unguwa ta taru a jikin shinge, wasu har da tabarminsu. Tsoho Taniela ya nuna ban-ɗakin bayan gida da sandarsa. "Kyaftin! Ga tsibiri a gabanka!"

"Na gan shi tun kafin ka gan shi, Baba. Yana cikin taswira."

"A yi hankali, akwai mutum a ciki!"

Siulolo ta saki jirgin ta goge goshi. "Ni fa na gaji. Abinci na kan wuta."

"Ɗalibai, ku rubuta," in ji Lisiate. "Teku ta lafa."

Noeleen ta rubuta.

Rana ta biyu darasin ceton wanda ya faɗa ruwa aka yi. Lisiate ya bayyana cewa shi zai faɗa, su kuma su jefa tayar ceto su jawo duk abin da ta kama, ba tambaya, ba jinkiri, don a teku mai tambaya gawa yake ɗauka. Ya hau gefen jirgi, ya toshe hanci, ya yi tsalle. Bai duba ba, ruwan da ya yini yana watsawa jiya ya taru ya zama taɓo, uwar aladun Siulolo kuma ta samu wurin kwanciya. A kanta ya dira. Ta tashi da kururuwa, shi ma ya tashi da tasa, dukansu baƙi ƙirin da taɓo. Noeleen ta cire tabarau don kada ya ɓaci, ta wurga taya. Tayar ta shige wuyan uwar aladu daidai.

"Ja, Graeme, ja!"

Graeme ya ja. Mutum ne mai ƙarfi kuma mai bin umarni. Yana ja yana cewa, "Yi haƙuri Kyaftin, kana da nauyi!" Samarin unguwa suka tsallako shinge suka tallafa daga ƙasa, don ba sa so a bar aikin lada a rabi. Sai da aka dire ta cikin jirgi, Noeleen ta mayar da tabarau, sannan ta ce, "Af."

Lisiate ya rarrafo yana tofar da taɓo. Taniela ya ce, "Kyaftin, an ceci mai daraja an bar ka."

"Gwaji ne na yi musu. Sun ci. Wanda ya ɗaga wannan, mutum ba zai gagare shi ba."

Uwar aladu kuwa ta samu ragowar hatsin kaji a lungun jirgi, ta kwanta. Aka yi, aka yi, ta ƙi sauka. Lisiate ya ce a bar ta, dama jirgi na buƙatar nauyi a ƙasa.

Da yamma ne Noeleen ta ɗaga hannu kamar 'yar firamare. "Kyaftin, kwana biyu ke nan ina duba sandar nan. Ina ƙyallen?"

"Ƙyalle na rana ta uku ne, Madam."

Ba shi da ƙyalle. Ɓeraye sun cinye na surukinsa tun ban yi aure ba.

To ran Asabar ɗin makon ne auren ƙanwata Lupe. Shekara biyu mahaifiyata, Inna Meleane, da matan ƙungiyarta suna bugun ɓawon itace, suna haɗawa, suna zanawa, har suka gama ngatu, wato shimfiɗar gargajiya da amarya da ango za su taka. In an shimfiɗa shi yakan kai daga ƙofar coci har titi. Yana naɗe ƙarƙashin gadonta, ko ni ɗanta ban isa in taɓa ba. Ita kuma ta tafi tsibirinmu na asali tun Talata ɗauko dangi, sai Juma'a da rana za su iso. A wurinmu kuwa kowa ya san matsayin yayar uba. In ta shigo, ɗan ƙaninta a ƙasa yake zama, in ta ce rigarsa ta yi mata kyau to ya tuɓe ya miƙa.

Ran Juma'a ina tsaka da koya wa wasu ɗaurin igiya sai wayata ta yi ƙara. Siulolo ce.

"Heneli, zo maza. Ya shiga ɗakin Goggo."

Na hau keke. Tun daga nesa na hango shi. Ngatu ɗin Inna ne a saman sanda, an ninka shi huɗu, iska ta cika shi ya yi tumbi, zanen da matan suka ɓata wata da watanni suna yi yana kaɗawa sama da rufin gidaje. Ranar kuwa iska ce mai ƙarfi, daga tudu take busowa tana nufar teku.

"Lisiate! Ka haukace? Sauke shi!"

"Kwantar da hankalinka, taubashi, ban yanka ba. Ninkewa na yi. Kafin Goggo ta iso na mayar, har ma ya sha iska."

"Na ce ka sauke!"

Ya ga unguwa na kallo, ga malamin makarantar gaske ya zo har gida. Sai ya gyara hula, ya juya mini baya, ya kumbura murya.

"Ɗalibai! Mu nuna wa 'yan ruwa yadda ake yi. Graeme! Ɗaga anga!"

Graeme ya dira ƙasa, ya nufi mangwaro. Ni da Siulolo da Taniela muka haɗa baki, "Kar ka!" Amma a jiya aka koya masa ba tambaya, ba jinkiri. Ya warware sarƙar, ya saɓa angar a kafaɗa, ya ruga ya haye, yana haki yana murmushi. "Anga ta hau, Kyaftin!"

Amalanken ya yi wani ƙara, ƙiiii, kamar yana miƙa bayan dogon barci. Ya taka allon makaranta. Ya ɗauke shinge. Ya hau titi.

Titin namu kuwa miƙaƙƙe ne, daga ƙofar Lisiate har gangaren simintin da ake saukar da jirage cikin ruwa.

Na bi su a keke ina ihu. Lisiate ya rungume sandar tuƙi yana kai ta dama yana kai ta hagu.

"Heneli! Ba ya jin tuƙi!"

"Ina zai ji? Kwalta ce a ƙarƙashinka! Ku saki igiyar ƙyallen!"

Noeleen ta kama ƙullin tana fama. "Ya ƙi kwantuwa! Wane irin ɗauri ne wannan?"

"Na kakanni ne!" in ji Lisiate. "Ba ya kwantuwa!"

Suka ratsa ta gefen gidan Fasto, sanda ta kwashi igiyar shanya ɗungurungum, sai ga rigunan barcin matar Fasto suna filfilawa a sama kamar tutoci. Ita kuma ta biyo baya da ludayi, ta zama ta biyu a layi bayana. A ƙofar coci 'yan badujala na gwajin kiɗan bikin gobe, sun jeru a tsakiyar titi. Suka ɗago kai suka ga jirgi tafe da alade a goshinsa, don uwar aladu ta miƙe ta ɗora ƙafafunta na gaba a bakin jirgin, kunnuwanta na tashi. Suka watse, mai ganga ya faɗa lambatu da gangarsa. Mai babban ƙaho kaɗai, da yake ƙahon ya tare masa gani, ya ci gaba da busa, jirgin ya wuce ta bayansa ya tafi da hularsa bai sani ba.

A mararrabar kasuwa ɗan sanda ya fito ya ɗaga hannu yana hura usur. Lisiate ya miƙe tsaye.

"Kauce! Mai ƙyalle ke da hanya! Doka ce!"

Wannan kaɗai ya taɓa tsinta a bakina, kuma a teku gaskiya ne. Ɗan sandan ya yi tsalle ya haye tulin kankana.

"Anga!" na yi ihu. "A'a, kar ku..."

Graeme rabin farko ya ji. Ya wurga ta. Angar ta yi tsalle kan kwalta tana tartsatsi, ta saƙale ƙafar teburin wata mai sayar da kwakwa. Teburin ya bi su. Kwakwa wajen ɗari ta bi teburin, mai kwakwa ta bi kwakwarta, karnukan kasuwa suka bi ta. Waɗanda ba su san abin da ake bi ba su ma suka bi.

Madam Rosalin na tsaye bakin ruwa da kofin shayi lokacin da suka gangaro. Ta matsa taku ɗaya kawai ta ba su hanya.

Fanjam!

Amalanken ya nutse, jirgin ya zame daga kansa ya hau ruwa. Na rantse muku, na ɗan lokaci abin ya yi kyau. Ya miƙe sumul, ƙyalle a cike, rigunan barci na kaɗawa. Graeme ya ɗaga hannu biyu sama, hawaye a idonsa. "Noeleen! Muna tuƙi!"

"Ƙafata a jiƙe take," in ji Noeleen.

Shekara goma sha ɗaya na rana da kashin kaji sun gama da katakon. Ruwa ya riƙa ɓullowa ta ko'ina kamar kwando. Lisiate ya dubi ƙasa ya ga ruwa, ya dubi gefe ya ga ruwa. Ya saki sandar tuƙi, ya kama sandar tsaye, ya hau ta da sauri irin na mai tsinkar kwakwa, ya ƙanƙame ngatu ɗin Inna yana kiran sunan uwarsa. Lisiate kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Jirgin ya yi tunani kaɗan, ya karkata, ya kwanta a gefensa a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi.

Ɓawon itace da ruwa ba sa shiri. Muna kallo zanen ya narke, ruwan tashar ya koma ruwan shayi, aikin shekara biyu ya saki ya zama dusa-dusa yana yawo. Uwar aladu ce ta fara fitowa gaɓa, ta girgije jiki, ta kama hanyar gida ba ta kula kowa ba.

Daidai nan jirgin danginmu ya shawo kwana, mutum talatin suna waƙar biki suna tafi. Waƙar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya. Inna na zaune a gaba da lema. Ta dubi ruwan. Ta miƙa hannu ta tsamo wani yanki, ta juya shi, ta gane zanen hannunta.

Lisiate na ta facal-facal yana haɗiyar ruwa. "Ku cece ni! Na mutu! Siulolo, na yafe miki!"

"Lisiate," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba, amma har karnuka sun yi shiru.

"Goggo! Nutsewa nake!"

"Miƙe tsaye."

"Goggo, teku ce!"

"Na ce miƙe."

Ya miƙe. Ruwan iya cibiyarsa. Graeme da Noeleen dama suna tsaye a gefensa tun ɗazu, ita ta ɗaga littafinta sama kada ya jiƙe.

Tashar ta ɗauka da dariya, har mai kwakwa, har ɗan sanda. Lupe ce kaɗai ba ta yi ba, ta zauna bakin siminti ta rufe fuska da hannu biyu. Da Lisiate ya gan ta sai ya cire hular, ya rasa inda zai sa ta.

"Goggo," ya ce, "ban dai yanka shi ba."

"Na gani. Ka kyauta."

"Kuma in an shanya..."

"Durƙusa."

Ya dubi ruwan, ya dubi Goggonsa, ya auna wanda ya fi tsoro. Ya durƙusa. Ruwa ya kawo masa haɓa. A haka ya saurari hukunci, kansa kaɗai a waje kamar kwakwar da ta faɗo. Ɗan sanda ya matso da littafinsa yana tambayar ko laifin na titi ne ko na ruwa, Inna ta ce masa na gida ne, ya mayar da littafin aljihu.

An yi biki da ngatu na aro, wanda bai kai rabin wancan ba. Lupe ba ta yi wa Lisiate magana ba sai da ta haihu. Graeme da Noeleen sun ƙarasa makonsu a wurinmu, kuma Noeleen ta iya tuƙi fiye da wasu malamai.

Hukuncin kuwa shi ne, daga Litinin Lisiate zai ajiye mota ya zauna cikin matan ƙungiya da guduma, ya bugi ɓawo daga safe zuwa la'asar har sai an mayar da abin da ya narkar. Inna ta ƙiyasta bugun kaɗai zai ci wata shida. Ranar farko ya sunkuyar da kai ya yi ta bugu. Rana ta biyu ya fara gyara wa matan riƙon guduma. Rana ta uku ya soma ba su labarin yadda ya ratsa Neiafu da iska kaɗai, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa garin. Sai matan suka ƙara ƙarfin bugu don kada su ji shi. Ya ɗaga murya, suka ƙara. Tun daga bakin ruwa muke jiyo su kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano.

A wata biyu suka gama.

Ranar da aka tara ɓawon ya tsaya a kai ya riƙe ƙugu, ya dubi Inna. "Goggo, kin ga amfanin shugabanci?"

Inna ta nuna kunnenta, ta girgiza kai. Duk matan ƙungiyar sai da suka yi mako uku ba sa jin komai, kuma har yau suna cewa ba su taɓa samun hutu irin wannan ba.